Hanyar Rimin Ungulaye

Lokacin da Babanmu ya samu aiki a wata masana'anta a Kudenda, unguwar Kamazou da muka koma ba ta cika haka ba. Gidanmu ko filasta ba a yi masa ba, bayansa gonakin masara ne, gaba kaɗan ciyawa ce mai tsayi har bakin rafi. Kaka, mahaifiyar Baba, ta biyo mu daga Filato da akwatin ƙarfe da fartanya, ta ce ita ba zaman falo ya kawo ta ba. Kafin ruwa ya sauka ta samu ɗan fili a bakin rafin ta yi shuka. Ina da shekara tara, kuma duk ranar da ba makaranta tare muke wuni a can.

A gefen gonar akwai wani tsohon rimi da ba a hango shi daga titi, nan ungulaye suke kwana. Da rana suna can mayankar unguwa suna jiran abin da mahauta suka zubar, da la'asar su dawo ɗaya bayan ɗaya. Kaka ba ta barin gona sai ta ƙirga su. Da yaren garinsu take ƙirgar, tana nuna su da haɓa, don ta ce ba a nuna masu aiki da yatsa.

"Sha bakwai," sai ta ce. "Kowa ya dawo gida. Rahila, mu ma mu tafi."

In ɗaya ta yi latti, haka za mu tsaya sauro na cin mu har ta iso. Ni kuwa na tsane su. Kai ba gashi, wuya kamar na kazar da aka tsoma a ruwan zafi, ga kallo ta gefen ido.

Da yamma in an ci tuwo, wutar lantarki kuwa dama ba ta cika zama ba, Kaka takan tura masara cikin garwashin murhu, mu kewaye ta ni da ƙannena biyu. Tatsuniyoyinta da yawa na ban dariya ne. Amma akwai guda da takan fara da rage murya.

"Ga ta nan tafe. Mai tsoro ya matso kusa da ni tun yanzu."

Wai a wani gari, mai gari ya yi baƙo, baƙon ya ga ungulaye a kan rumfunan kasuwa ya yi dariya, ya ce garinsu ba a zama da ƙazanta. Mai gari ya ji kunya, ya sa aka bi su da jifa da hayaƙi. Babbar cikinsu ta sauko ta tsaya a ƙofar gidansa ta ce, "Za mu tafi. Abincinmu kuma mun bar muku."

Aka kwana biyu gari tsaf. Sai jakin mai gari ya mutu, aka ja shi bayan gari aka yar. Kwana ɗaya, kwana uku, ba abin da ya sauko daga sama. Tun da ba wanda ya zo ya ƙarasa shi, jakin bai san ya mutu ba. Rana na faɗuwa ya miƙe, ciki a kumbure, ƙudaje na binsa, ya kama hanyar gida.

A nan Kaka takan ɗauki muciya ta buga turmi a hankali. Ƙwan. Ƙwan.

"Mai gida," takan ce da wata irin murya daga maƙogwaro, "wa zai ɗauke ni?"

Bayan jaki sai awaki, sai karnuka, kowa ya nufi ƙofar mai shi. Mutanen garin suka watse ba wanda ya tsaya ɗaukar ko tabarma. Kaka ta kakkaɓe toka daga masara ta ce tatsuniya ta ƙare, a zo a ci. Ni ko ƙwara ɗaya ban ci ba.

Abin da ta so mu gane daban, abin da na ɗauka daban. A kaina na yarinya, ungulaye ne suka turo mushen. Na ce ashe tsuntsayen da muke tsayawa jira kullum suna iya tayar da matacce su aiko shi ƙofar mutum. Tsoronsu ya ninka a raina, har na fara jin haushin Kaka da take kai ni wurinsu.

Wata Asabar aka aike ni mayanka sayen ƙashi. Wani mutum da buhu a kafaɗa yana tsaye nesa da mahauta, yana kallon sama. Ya yafito ni.

"'Yan mata, ke 'yar unguwar nan ce? Tsuntsayen nan, ina suke kwana? Mahautan nan sun hana ni aikina a nan."

"Korar su za ka yi?"

Ya yi murmushi. "In kin nuna mini, ba za su ƙara damun ki ba."

Ban yi ko ɗar ba. Na bi da shi ta bayan coci, ta cikin ciyawa, har inda rimin ya bayyana, na ɗaga yatsa na nuna masa. Na koma gida da murna kamar na yi wa unguwa aikin alheri.

Ranar Litinin bayan makaranta muka je gona. Wari ne ya fara tarar mu. Mushen akuya ne a gindin rimin, an farka cikinsa an barbaɗa wani abu, ga ungulaye zube kewaye da shi, fukafukai a baje. Duk an yanke kawunansu. Sai da na girma na san masu haɗa magani ake kai wa kawunan.

Kaka ta fizgo ni baya. "Kar ki taɓa komai, guba ce." Sannan ta ƙirga su a ƙasa. Sha huɗu. Uku suna can sama suna kewayawa, sun ƙi sauka. Ta haƙa rami da fartanya ta tura akuyar da tsuntsayen ciki, don kada karnuka su ci. Da ta gama ta dafa ƙugu ta dubi hanyar da ke cikin ciyawa.

"Baƙo bai san hanyar nan ba. Ɗan gida ne ya kawo shi."

Ba ta dube ni ba. Ran nan an hura murhu, ba a yi tatsuniya ba. Na yi makonni ko akuya ce ta gogi ƙyauren gidanmu sai na ƙanƙame ƙanwata, don na tabbata an zo tambayata wa zai ɗauke su. Ukun nan ma ba su ƙarasa daminar a rimin ba. Kaka ta ci gaba da ɗaga kai duk la'asar, har shekarar da ta rasu, ban kuwa taɓa faɗa mata ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Mahuta. Wasu Asabar ɗin ina bin masu ƙirgar tsuntsaye bakin ruwa, mu rubuta balbela, mu rubuta shirwa da hankaka. Na daɗe rabona da ganin ungulu a wannan ɓangaren gari. In mota ta buge kare a titi, sai ya yi kwanaki a wurin, muna wucewa da hannu a hanci, yara na wasa kusa da shi. Matattu ba sa tashi, na sani. Wari da ƙuda da cuta ne suke zuwa ƙofa, kuma su ne Kaka take nufi tun farko.

Kwanan baya na yi wa 'yata tatsuniyar, har da buga turmi. Jakin ya ba ta tsoro, amma ungulu sai da na nemo mata hoto a waya, don ba ta taɓa gani ba. Ta daɗe tana kallo.

"Mama, mu ma an kore su ne a nan?"

Na ce eh.

"Wa ya kore su?"

Na buɗe baki zan ce wasu mutane ne. Sai na ji na gaji da wannan amsar.

"Ni ce na nuna hanya," na ce mata. "Zauna in faɗa miki."