Kurma da Motar Ƙwai

Yana ɗan shekara tara zazzaɓi ya kwantar da shi sati uku, ya tashi ya tarar duniya ta yi tsit. Tun daga nan sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Kurma yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Magana kam bai rasa ta ba, awonta ne bai sani ba. Idan ya ce zai yi maka raɗa, na tsallaken titi ma sai ya ji. Maganar mutane kuwa a leɓe yake karanta ta, shi ya sa ba ya ga maciji da masu tara gashin baki.

Shekara talatin da biyu ke nan yana gyaran mota a wata rumfar kwano bayan gidan mai. Ba ya taɓa inji. "Inji na masu kunne ne," in ji shi, "ni ku bar ni da ƙarƙashin mota." Da wannan aikin ya gina ɗaki uku da tsakar gida mai siminti, ya aurar da 'ya'ya mata huɗu, ya kuma rasa rabin farcen babban yatsansa.

Mijin autarsa sayar da ƙwai yake yi. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ya saya ta hannu, yana ɗauko kaya daga gonar kaji ya raba wa masu shaguna. Motar ta tsiri wata rawa da zarar ta ɗauki gudu, kullum sai ya sauke ƙwai ya tarar wasu sun tsattsage. Ya zaga gareji uku, aka sake tayoyi, aka sake shokazoba, rawa na nan. Wajen surukinsa ne kawai bai je ba. Ya ce kunya yake ji, amma Auta ta san mijinta: gani yake wanda ba ya jin ƙara ba zai gano ciwon mota ba. Ranar da ta gaji da goge ƙwai a bayan mota, ta ɗauki makullin ta saka a jakarta.

"Ko dai mu je wajen Baba, ko ka yi tallan a ka."

Da suka isa rumfar, Kurma bai tambayi kome ba. Ya tuɓe takalmi, ya shiga gaba, ya ɗora tafin ƙafarsa a ƙasan motar, ya ce a ja. Suka hau babban titi. Da allurar awon gudu ta kusa sittin sai ya lumshe ido.

"Ƙara wuta. Yauwa. Saki. Juya mu koma, ɗana. Tayoyinka ba su yi maka laifi ba."

A rumfa ya sa dutse ya tare ƙafafun motar, ya kwanta a kan kwali ya shige. Ya kama farfela, doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa ƙafafun baya, ya murɗa ta dama da hagu. Ta yi lakaf-lakaf a hannunsa. Ya shafo mahaɗarta ta baya, wadda makanikai ke kira kuros, ya fito da yatsa ya yi ja da garin tsatsa.

"Yaushe rabonka da sa mata giris?"

Mai ƙwai ya sunkuyar da kai ya yi ƙus-ƙus.

"Ɗago fuskarka, ba na jin ƙeya!"

"Baba, ban san ana sawa ba."

Masu shan mai suka juyo suna dariya, don amsar da Kurma ya ba shi har ofishin manajan gidan man an ji ta.

Kafin ya kwance noti ko ɗaya, sai da ya ja layi da alli a kan kowace mahaɗa, don kome ya koma mazauninsa. Da ya buge tsohon kuros, 'yan allurai na cikinsa suka zubo kamar gari. Ya saka sabo, ya gwada shi da yatsa biyu har ya ji yana juyawa sumul, ya ɗura giris sai da ya ɓullo ta kusurwa huɗu. Da suka sake hawa titi, ya karɓi ƙwai ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa a buɗe. Har allurar ta kai tamanin ƙwan bai motsa ba.

Washegari mai ƙwai ya aiko da kiret biyar. Kurma ya ɗauki ɗaya ya mayar da huɗu, ya haɗa da tsohon famfon giris ɗinsa, ya ce a miƙa wa Auta hannu da hannu.

"Ba mijin za ka ba wa ba?" matarsa ta tambaye shi, ta tsaya daidai fuskarsa.

"Wannan? Zai manta. Ita kuwa jinina ce."

Yanzu duk ƙarshen wata maƙwabta kan ga ƙafafun Auta sun leƙo daga ƙarƙashin a-kori-kura, mijinta na tsugune a gefe yana riƙe mata jariri.