Zanzaro a Bututun Babur

Babur ɗin surukina ya cinye sanyin shekarar nan a tsakar gidanmu na unguwar Mansur a Makka, jingine da bango, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Tun kafin ya zo hannunsa ya tsufa. Ni na yi gadinsa, ba don an sa ni ba. Inda nake zama in soya wainar sayarwa yana fuskantarsa, ni kuwa idona ba ya hutu.

Surukin nan mijin 'yata ne, ita kaɗai ta rage mini cikin waɗanda na haifa a hanyar Sudan. Aikinsa na lokacin Hajji ne. Wani muɗawwifi, mai kula da alhazai, yake aikensa a babur tsakanin Makka da Mina, ya kai saƙo, ya nemo tsohon da ya ɓata. In alhazai sun watse sai ya jingine babur ya tafi Jidda dako, ya riƙa leƙo mu jefi-jefi. A shekarar, muɗawwifin ya aiko cewa jirage sun fara sauke mutane, ya zo da babur ranar Asabar, in babu kuwa akwai mai jiran wurin. Na kuma ji ta bayan labule yana gaya wa 'yata in aikin nan ya kuɓuce zai tattara ta su koma Jidda gaba ɗaya. Tana da cikin fari, ya tsufa. Ni kuma da na yi shekaru a ƙafa kafin in ga Makka, ba inda za ni.

Ba ma magana da shi. Ba faɗa ba ne, kunyar surukuta ce yadda muka taso da ita a ƙasar Kano. Da safe ya durƙusa ya gaishe ni kansa a ƙasa, in amsa ina kallon tanda. Sauran zance ta bakin 'yata yake bi, ko da muna tsakar gida ɗaya. Mutum ne mai sanyi, har lokacin ina auna shi ban gama ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya yaye tabarmar, ya goge ƙura, ya yi bisimilla ya taka. Shiru. Ya sake takawa har gumi ya keto masa. Na zuba ido in ga ko zai zagi ƙarfen, don a nan ake gane namiji. Bai zaga ba. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya ce wa matarsa, "Man ya lalace, warin tsohon fenti yake." Ya tsiyaye shi a gwangwani, ya sayo sabo. Ya taka, babur ya yi tari ɗaya ya kwanta.

Sai ya kwance wani ɗan abu mai farin kai, fulogi, ya fito baƙi ƙirin. Ya kankare shi da wuƙa, ya ce wa matarsa, "Roƙa mana Inna garwashi ɗaya." Na tura da cokali ban ɗago ba. Ya gasa shi, ya kara shi a jikin injin, ya taka. Na ga 'yar wuta shuɗiya ta yi tsalle. Ya ce, "Wuta akwai."

Daga nan ya shimfiɗa tsohon faranti ya kwance kafireta, inda mai ke bi. Wannan aikin ne ya fara kama ni. Duk abin da ya cire sai ya jera shi bayan ɗan'uwansa, kamar mai shanya kuɓewa, ba ɗaya a kan ɗaya. Ya tsinko tsinken tsintsiyata ya zura a wata 'yar ƙofa da ba ta kai ta allura ba, ya busa, ya ɗaga ta sama ya leƙa haske. Ya mayar da komai daga na ƙarshe zuwa na farko, bai bar ko ƙusa a faranti ba. Ya taka. Babur ya kama, tuf, tuf, tuf, sai ya shaƙe kamar an damƙe masa wuya.

Maƙwabcinmu mai gyaran risho, Bazazzagi, ya leƙo ta katanga. "Bakano, jakin nan naka ya rasu tun bara. Kawo shi in yi murhu da shi, ko Hajiya ta samu na waina."

"Sabur, yi haƙuri, bawana," in ji surukina. "In ya tashi kai zan fara ɗaurewa a baya, in kai ka Mina ka yi mini dako."

"Wallah sai dai ka goya ni!"

Surukina ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallon babur. Can ya ce wa matarsa, "Yana ci, yana sha, wuta akwai. Tambayi Inna, ita da ke ganinsa kullum, ko wani abu ya raɓe shi."

Na ce wa tanda, "Ba mahaluƙin da ya taɓa shi. Sai zanzaro da ke shiga ta wutsiyarsa da laka a baki, tun farkon sanyi."

Surukina ya tare bakin bututun hayaƙin da tafinsa, Bazazzagin ya taka masa. Ko iska ba ta fito ba. Zanzaro ya yi gini a ciki ya toshe shi ruf. Bazazzagin ya ruga ya kawo dogon ƙarfe. "Khalas, shi ke nan, huda shi, ka wuce wurin."

A garinmu ba a fasa gidan zanzaro a gidan da ke da mai ciki. Malamai sun ce camfi ne, na ji, ban musa ba. Amma ni na binne 'ya'ya a hanya, ba na gwaji da wannan. In na ce kar a fasa, babur ba zai tashi ba, a tafi mini da 'ya. Zancen ciki kuma ba ya fita bakina a gabansa. Sai na tsaya da cokali a hannu, waina na ƙonewa.

Ƙaurin ne ya juyo da shi. Tun da ya shigo gidan bai taɓa ganin wainata ta ƙone ba. Ya dubi tandar, ya dubi ƙofar ɗakin matarsa, ya ajiye ƙarfen.

"Me kuma?" in ji Bazazzagin.

"Mai gida yana ciki. Ba a rushe wa mutum ɗaki yana ciki."

Ya koma kan ƙusoshin da suka riƙe bututun gaba ɗayansa. Sun yi tsatsa, sun ƙi. Ya jiƙa su da kananzir, ya tafi azahar, ya dawo ya ci gaba. Spana ta zame ta yanke masa yatsa, ya ɗaure da tsumma. Wajen la'asar bututun ya fita. Ya ɗauke shi a kwance da hannu biyu, ya ɗora a kan katanga ƙarƙashin rumfa, bakinsa na kallon inda yake kallo da, don mai ginin ya gane ƙofarsa.

Sannan ya taka. Ƙarar da ta tashi, tattabarun unguwa duka suka watse. Bazazzagin ya toshe kunne yana ihu, "'Yan sanda za su kama ka kafin ka kai unguwar Zahir!" Shi ne kuma washegari ya naɗe masa wani bututun da gwangwanin man girki, yana yi yana zagin Kanawa. Bai rage ƙarar sosai ba.

Da yammar Alhamis ɗin na dama fura da kaina. Maimakon in miƙa wa 'yata, na tashi na ajiye ƙwaryar a gabansa da hannuna. Na ce wa bango, "A gaya wa mai babur ya sa gishiri a yatsan nan."

Ya ce wa ƙasa, "An ji, Inna."

Ranar Asabar ya tafi wurin muɗawwifi. 'Yata ta haihu a ɗakina, alhazai na Mina. Duk lokacin Hajjin nan tun daga bakin titi nake jiyo shi, in ce mata ta ɗora ruwa.