Ɗakin da Inna Ta Hana Ni

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa wa farar hula mulki, a ƙarshen watan Mayu na 1999, duk shagon da muka wuce daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni rediyo ne ke tashi, maza sun yi cincirindo suna saurare. Ni ko a jikina. Ina biye da mai kura da ya ɗauko turmin Inna da taɓaryarta da tsintsiya, zuciyata tana kan abu ɗaya: za a ba ni ɗaki.

Ina aji biyar na firamare a lokacin, ni ne ɗan fari. A gidan hayarmu na Gyaɗi-Gyaɗi da ni da ƙannena tabarma muke haɗawa, wanda ya yi fitsarin kwance ya jiƙa kowa. Da safe in bi layin famfo da bokiti, in share ƙofar ɗaki, sannan in ruga makaranta, da yamma kuma langa da ƙwallon tsumma har a kira magariba. Baba direba ne. Yayansa, wanda muke kira Baffa, ya sayi wani tsohon gidan ƙasa a Tarauni, ya sa aka yaɓe shi da siminti, aka buga kwano, aka shafa fenti, aka ƙara sabon ɗaki a kusurwar tsakar gida, sannan ya ce ƙaninsa ya koma ciki. Sabon ɗakin shi ne nawa. Tun kafin in gan shi na gama cika baki a makaranta.

Inna ta so ta daka furar sadaka kafin mu tare. Ta ajiye turmi a inuwar ɗakin nawa, ta zuba gero, ta ɗaga taɓarya ta sauke, sai ta tsaya cak. Ta sake bugawa. Ƙasa ta amsa kamar ganga. Ta bar dakan, ta shiga ɗakin tana ƙwanƙwasa daɓe da gindin taɓarya, daga bakin ƙofa har bango. Ta tura ƙyaure ta ga yana cijewa. Ta bi wata siririyar tsaga da farce, wadda fenti ya lulluɓe, tun daga gefen taga har ƙasa. Daga nan ta zuba ruwan buta a daɓen, muka ga ya gangara tsakiya ya kwanta. Maƙwabciyar gidan, Maman Bitrus, matar wani malamin makaranta mutumin Kudancin Kaduna, ta shigo yi mana barka da zuwa. Ta taɓa zaman haya a gidan. Tana leƙowa ta dafe ƙirji ta ce, “Ai nan rijiyarmu take! Katako aka jera a bakinta aka zuba ƙasa.”

Inna ta ce babu wanda zai kwana a ɗakin. Da Baba ya ji, bai so a tayar da maganar ba. Yaya za a yi ya dubi yayansa ya ce kyautar da ya yi masa tana da aibi? Ya ce ai siminti ne, zai riƙe. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na goyi bayansa da rashin kunya. Na ce wa Inna baƙin ciki take yi mini, don dama ba ta taɓa sona ba, ko sunana ba ta iya faɗa. Ban san kunyar ɗan fari ce ba. Ba ta dake ni ba. Ta ci gaba da tankaɗe garinta, ta ce, “Kai yaron nan, matsa mini daga haske.”

Washegari ta yafa mayafi ta tafi gidan Baffa, ta sa na riƙe mata ƙwaryar fura. Ta durƙusa ta yi godiya mai tsawo, ta yabi kwano, ta yabi fenti. Ba ta ambaci tsaga ba. Sai ta ce, “Yaya, alfarma ɗaya na zo roƙo. An ce akwai tsohuwar rijiya a ƙarƙashin sabon ɗakin nan. Wahalar ruwa ta ishe ni. A taimaka a buɗe mini ita.” Baffa ya ajiye ludayi. Bai san da rijiyar ba, a rufe ya sayi gidan, maginin ma bai tona ba. Ya dube ni, sannan ya ce mata, “Za a buɗe miki, Hajara.”

Da aka fasa daɓen, ba a sha wuya ba. Gara ta cinye katakon, ana taɓawa yana marmashewa, ƙasa tana zubawa cikin duhu, sai can ka ji ta faɗa ruwa. Damina kuma ta riga ta kama. Baba ya zauna a kan bulo yana ta salati. Aka rushe ɗakin, aka yashe rijiyar, aka ɗaure mata baki. Zumuncin Baba da Baffa ko ƙwarzane bai yi ba, Baffa ma har alfahari yake yi cewa ya ba ƙaninsa gida mai rijiya.

Duk da abin da idona ya gani, na yi makonni ina kumburi. Idan ta aike ni jan ruwa sai in saki guga da gangan. Ita ce za ta samo ƙugiya ta ciro. Sai da na yi aure na nemi gafararta, ta yi dariya ta ce ita ba ta tuna ba.

Yanzu 'ya'yana kowa da ɗakinsa, kowa ya tura ƙofa ya rufe, sai in wuni ban ji muryar wani ba. Mu kuwa a cunkushe muka girma, ƙafar wannan a wuyan wancan, Inna tana jin tarin kowa ta bayan bango. Allah Ya jiƙanta. Ashe a shekarun da nake kukan rashin ɗaki, babu abin da na rasa.