Gawon Arzika da shanun Altine

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Arzika, wanda gonarsa ta yi iyaka da tawa a wani ƙauye na ƙasar Kurfai, arewa da Filinge. Ban taɓa rubutu a kansa ba. Bana wata magana ta taso a kan gonar tasa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tare muka tashi. Ni ina salla, shi yana bin al'adar kakanni, kuma wannan bai taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba. A zamanin ƙuruciyarmu icen da ke cikin gonarka na gwamnati ne. Ka sare reshe don awakinka, ƴan gandun daji su ci ka tara. Saboda haka lokacin sassabe kowa yakan tumɓuke duk ɗan gawon da ya tsiro tun bai zama abin rigima ba. Arzika kaɗai yake barin nasa. Sai ya ɗaura wa kowane tsiro baƙin tsumma, alamar cewa icen na iskoki ne, kuma babu mai gatarin da ke kusantarsa.

Wata rana na ce masa, “Kai Arzika, iskokin ga naka ba su da wurin kwana sai gonarka?”

Ya yi dariya ya ce, “Malam, wasu da masu su, wasu ni na ba su aro. Wanne na wanne, wannan kuma ba ni hwaɗa maka.”

Gawo ice ne mai saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye, gero ya sami rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore ya zubo da ƴaƴa. Da an gama girbi, wani Bafillace mai suna Altine yakan sauka da shanunsa a gonar Arzika. Shanu su ci ƴaƴan gawo, su bar taki, gidan Arzika su sha nono, Altine ya tafi da damin gero. Ba su taɓa zuwa gaban mai gari a kan wannan ba. A shekarun da ruwa ya yi ƙaranci, zangarniyar da ta tsira a yankinmu mafi yawa a gindin waɗannan itatuwa ta tsira.

Yanzu duniya ta juya. Wani shirin raya daji ya zo ta hannun meri, wato hukumar gundumarmu, za a riƙa biyan manomi saboda itatuwan da ya bari a tsaye, don suna riƙe ƙasa da ruwa, suna kuma gyara iskar da kowa ke shaƙa. Na san da Arzika yana nan da ya yi dariya har ya riƙe ciki: icen da ake cin mutum tara a kansa, yau shi ake biyan mutum dominsa. Amma shirin ya zo da sharaɗi. Sai an kewaye gonar da waya, dabba ba za ta shiga ba na wasu shekaru. Masu shirin suna da hujja, don kowa ya san abin da akuya ke yi wa tsiro.

Nomau ɗan Arzika, wanda ya gaji gonar, ya same ni a rumfata. Yana da iyali da yawa, ƙannensa sun tafi ci-rani, kuma abin da za a biya zai rufa masa asiri. Sai dai ɗan Altine har yanzu yana zuwa da shanu, ga burtalolin da suka saba bi sun matse, daji kuma ba lafiya kamar da. In aka ja waya, ba shi da masauki.

Nomau ya ce, “Baba, in da tsohona na da rai, mi zai yi?”

Na ce masa ba ni iya sa wa mamaci magana a baki. Abin da na gani da idona kaɗai na faɗa masa: yawancin gawon da ke gonar daga kashin shanun Altine suka tsiro.

Nomau ya tafi taron meri ya roƙi a bar shi ya kewaye ƙananan itatuwa da ƙaya ɗaya bayan ɗaya, gonar ta zauna a buɗe. An yi ta muhawara, daga ƙarshe aka yarda, amma rabonsa ya ragu sosai. Matarsa ta yi fushi, kuma ban ga laifinta ba. Bayan girbi shanu suka sauka.

Arzika bai bar gidan siminti ba, ko hotonsa babu wanda yake da shi. Ya bar gona wadda baƙo ke ci a cikinta ba ta raguwa, da ɗa wanda ya yarda ya yi asara don kada a rufe ta. Na daɗe ina tunanin irin addu'ar da ta dace da mutumin da bai bi hanyata ba. Na bar wa Allah wannan, Shi ya fi ni sanin maƙwabcin da Ya ba ni.