Barnaba Mai Taswira da Bukkoki Bakwai na Bayan Furana

Duk mai fita da sassafe a unguwarmu ta Ikara ya san ƙarar babur ɗin Malam Barnaba. Tsohon babur ne, sai ya yi tari sau biyu kafin ya kama. Ƙarfe bakwai takan yi masa a ofishin lafiya. Zai tsaya ya gaisa da maigadi, ya tambayi iyali, ya tambayi awaki, sannan ya buɗe ɗan ɗakinsa na ƙarshen baranda. Ba komai a ciki sai tebur da kwamfuta da manyan takardu a nannaɗe kamar tabarmi. Zai warware ɗaya, ya danne kusurwoyinta da duwatsu, ya ɗauki jan biro, ya sunkuya. Takardar nan hoton ƙasarmu ne da aka ɗauko daga sama, shi kuwa aikinsa ya bi rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya yana sa musu lamba.

Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Ni maƙwabcinsa ne, malamin makaranta, kuma na ga bai dace mutum irin wannan ya tafi shiru ba.

Mutane da yawa ba su san akwai wannan sana'a ba. Kafin masu allurar rigakafi su fita, sai an samu wanda zai gaya musu inda gidaje suke, da hanyar da za su bi, da rafin da ba ya ƙetaruwa da damina. Da can da fensir Malam Barnaba yake zana taswira, yana yawo ƙauye ƙauye yana tambayar masu unguwanni. Daga baya aka fara kawo hotunan tauraron ɗan'adam, irin waɗanda kamfanoni ke ɗauka suna sayarwa, masu fitar da komai tar, har rumbu da bakin rijiya. Wasu suka ce tsoho ya gama yayi. Shi kuwa ya sayi tabarau, ya zauna gaban kwamfuta yana tuntuɓe yana tashi har ya iya. Abu ɗaya ne bai bari ba: duk abin da ya gani a hoto sai ya je ya taka da ƙafarsa. Yakan ce, "Hoto rufi yake gani, bai san wanda ke kwance a ƙarƙashinsa ba."

Labarin da zan ba ku daga bakin Hajiya Suwaiba na ji shi, shugabar masu rigakafi, wadda da ita aka yi.

Wata bazara ƙyanda ta ɓulla a wasu ƙauyuka, aka shirya fita rigakafin gaggawa. Malam Barnaba yana duba sabon hoton da aka aiko, sai ya hango wasu ɗigo bakwai a dajin bayan Furana, inda taswira ta ce ba kowa. Ya kira abokan aiki. Suka leƙa, suka ce ai tarin karan dawa ne da manoma suka bari. Allura ba ta da yawa, man mota ma haka, kuma kwana huɗu kacal aka bayar.

Ya ƙara girman hoton, ya ɗora bakin biro a kan wani siririn zare da ya fita daga wurin ɗigon ya gangara har rafi.

"Hajiya, dubi nan," in ji shi. "Tun da kike, kin taɓa ganin tarin kara ya je ɗibar ruwa?"

Hajiya Suwaiba ta ce dariya ta yi, amma ta ɗauki akwatin sanyi. Washegari da hantsi suka kama hanya, ita da mai ɗauke da ita a babur ɗaya, Malam Barnaba a nasa. Inda hanya ta ƙare suka jingine baburan a gindin ɗorawa suka shiga da ƙafa. Bayan tafiyar kusan awa guda sai ga kashin shanu, sai ga hayaƙi, sai ga bukkoki bakwai cif. Ruga ce ta Fulani da suka sauka shekara biyu da suka wuce, ba su shiga lissafin kowa ba.

Dattijon rugar, Ardo Ashafa, ya shimfiɗa musu buzu, aka gaisa, aka tambayi gajiya da shanu da zafin rana. Sannan ya dube su ya ce, "Malam, ko mai tallan gishiri bai san hanyar nan ba. Wa ya nuna muku?"

Malam Barnaba ya warware takardar a gabansa. Ardo ya daɗe yana kallo. Ya gane tsamiyar da suke zaune a ƙarƙashinta, ya gane bukkarsa, ya gane shingen maruƙa. Fuskarsa ta sauya.

"To in ku kun gan mu, wa kuma ya gan mu? Mun baro inda muke ne saboda ɓarayin shanu. Yanzu ka zo mini da gidana a takarda."

Hajiya Suwaiba ta ce a nan ta ga samari sun fara matsowa da sanduna a kafaɗa. Da wani ne, da sai ya ce hoton na gwamnati ne kaɗai, ya kashe maganar. Malam Barnaba bai yi haka ba.

"Ardo, ba zan yi maka ƙarya ba," ya ce. "Masu ɗaukar hoton nan 'yan kasuwa ne, ban san duk wanda suke sayar wa ba. Abin da na sani, ba ya nuna fuskar mutum, kuma wannan ya yi wata huɗu da ɗauka. Takardar da ke hannuna kuwa ba mai ganinta sai masu allura. Ƙyanda tana Furana, ita ba ta buƙatar hoto kafin ta iso ku. In ka ce mu koma, za mu koma, amma zan dawo gobe in sake roƙonka."

Ardo ya sake jawo takardar gabansa. Sannan ya miƙa yatsa ya taɓa wani wuri a takardar, inda ba a ganin komai sai duhun bishiyoyi.

"Na'urarku ba ta gama gani ba. Akwai gida biyu a nan ƙarƙashin kanya. Ku fara da can. Jikata Huseina kwana uku ke nan jikinta kamar wuta."

Suka tarar da yarinyar idanu sun yi ja, ƙuraje sun feso, numfashi sama sama. A ranar aka kai ta asibiti, uwarta na rungume da ita a bayan babur ɗin Malam Barnaba, shi yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Hajiya Suwaiba ta tsaya ta yi wa yara arba'in da ɗaya allura kafin la'asar. Huseina ta yi mako guda a gadon asibiti ta tashi. A rugar nan ba a binne yaro ko ɗaya ba a wannan bazara. Yau yarinyar tana aji uku a firamare, kuma an gaya mini ba ta da tsoron kowa.

Malam Barnaba, kai ne idon masu allura. Kai ne ka koya mana cewa ganin abu daga nesa somin aiki ne kawai. Sunanka bai taɓa fita a rediyo ba, amma daga Paki har Taba akwai ƙananan unguwanni da ruggage da suka shiga taswira da jan bironka, kuma yanzu in an fita rabon gidan sauro ko awon masu ciki, ana isa gare su. Ranar Lahadi kana coci, ranar Litinin kana zaune a buzun Ardo kana shan nono, ba wanda ya taɓa jin ka tambayi addinin yaro kafin ka sa wa gidansu lamba. Na gaishe ka, mai ƙirga rufi don a ceci rai.

Ranar da aka yi masa walimar sallama na tambaye shi abin da zai koma yi. Ya ce yana da 'yar gona a wajen Kudan, rake zai dasa da tumatir.

"Malam," ya ce da ni, "na daɗe ina kallon ƙasar nan daga sama. Bari in je in taɓa ta da hannu."

Mun gode, Malam Barnaba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar cin moriyar gonarka, ya albarkaci zuriyarka. Ku kuma 'yan baya da aka bar wa kwamfuta da hotuna, da mu duka masu riƙe da wani aiki na jama'a, mu ɗauki darasi. In ka hango wani ɗigo a gefen takardarka, kowa ya ce ba komai ba ne, ka sa takalminka ka je ka duba. Wataƙila mutane ne.