Ƙattin Sahun Gaba da Kwabar Hajiya

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar Lahadi. Mu huɗu ne a falon gidanmu na sama a unguwar Catford, nan ƙasar Turawa: ni, da matata Hajiya, da surukina mijin 'yarmu, da maƙwabcina na ƙasa, mutumin Kumasi, mahauci a kasuwar Woolwich. A daidai wannan lokaci Hajiya ta taɓa katan uku da ke kusurwa da ɗan yatsan ƙafarta, ta ce ranar Asabar za su bar gidan.

Dalilinta mai ƙarfi ne, ban musa ba. 'Yarmu ta kusa haihuwar fari, gida za ta dawo wankan jego kamar yadda aka saba, kuma gadon jariri ba shi da wurin zama sai wannan kusurwa.

Abin da ke cikin katan ɗin kaset-kaset ne na bidiyo, kowanne da lambarsa da na rubuta da hannuna. Wasan ƙwallon Amurka ne, wadda ake runguma a gudu da ita, mai siffar ƙwai. Na ɗauke su daga talabijin a shekarun da na fara aikin tura gadon marasa lafiya a wani asibiti. Ni ba ƙwallon nake kallo ba. Akwai ƙatti biyar da ke duƙawa a sahun gaba, hannu ɗaya a ƙasa, aikinsu kawai su ture ƙattin da ke gabansu don wani siririn yaro ya samu hanya ya wuce. Shi ake wa tafi. Su sai su miƙe, su tofar da yawu, su koma sahu.

Na zamanin da, su nake so. Tumbi a gaba, hanci a karye, yatsu a naɗe da filasta, taɓo har wuya, bakinsu na hayaƙi don sanyi. Ban riƙe sunan ko ɗaya ba, da lambar riga na san su. Duk sun yi ritaya. Surukina ya taɓa nuna mini ɗaya a waya, ya rame, yana dogara sanda, yana yi wa jikansa dariya. Ranar ban ci tuwon kirki ba.

Na ce wa Hajiya ina da hujja uku, kuma zan kawo su a jere.

"Malam, kawo ɗaya, girki nake."

Na ce ta farko, waɗannan mutane sun san sahu. Ta biyu, ba sa rawa bayan an ci, ba kamar yaran yanzu ba da ke girgiza kafaɗa kamar an kaɗa musu kalangu. Ban kai ta uku ba surukina ya sa baki.

"Baba, ai duk suna online. Sai in yi maka downloading."

"A wayarka wa ake nunawa?"

"Wanda ya ci mana."

"To ka ji."

Maƙwabcina yana gefe yana cin gyaɗata. Shi Hausar zango yake yi, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Ya ce, "Alhaji, Hajiya ya yi gaskiya, amma wuri akwai. Kwaba nan, in mun tura shi zuwa taga, gado ya shiga, katan ya zauna."

Kwabar nan ta katako ce, cike da kwanuka da tangaran da Hajiya ta yi shekaru tana tarawa, ba a cin abinci a ko ɗaya. Tunda aka shigo da ita ba ta motsa ba. Hajiya ta ce in mun matsar da ita ba tare da ko kofi ya fashe ba, kaset sun tsira. Sannan ta ce a fara sauke kwanukan.

Na ƙi. Na ce ban taɓa ganin ƙaton sahun gaba ya roƙi abokin karawarsa ya rage nauyi ba.

Na tsara aikin kamar haka. Na farko, a cire takalma da hula. Na biyu, ni a dama, mahauci a hagu. Na uku, surukina ya tsaya a baya ya yi ƙidaya, domin jikinsa na masu gudu da ƙwallo ne, ba shi da amfani a gaba. Na huɗu, babu mai motsi sai an ce uku.

Muka duƙa, hannu ɗaya a kan kafet. Gwiwoyina suka yi ƙara irin ta busasshen kara. Hajiya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Ikon Allah. Kun yar da allura ne?"

Na kafa wa kwaba ido. Surukina ya ce ɗaya. Ya ce biyu. Mahauci ya zabura ya kai wa kwaba kafaɗa.

Na miƙe na ce a tsaya. A dokar wasan, wanda ya motsa kafin lokaci ya ja wa 'yan uwansa duka hukunci, sai a koma baya taku biyar. Mahauci ya ce, "Alhaji, kwaba bai san doka ba." Na ce ni na sani. Surukina ya ce a wasan ai abokan karawa ma biyo ku suke yi, kwaba kuwa ba za ta biyo mu ba. Na ce masa aikinsa ƙidaya.

Taku biyar a ƙaramin falon gidan hayar gwamnati ba wasa ba ne. Sai ga mu a bakin ƙofar banɗaki. A nan muka sake duƙawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, hukuncin ya ba mu filin gudu. Da aka ce uku, mahauci mai ɗaukar cinyar bijimi a kafaɗa da ni da na yi shekaru ina tura gadaje muka taso tare, muka haɗu da kwabar a lokaci guda. Wallahi na daƙiƙa biyu na ji kamar ina cikin taɓon nan da su. Kwaba ta tafi. Ta isa taga. Ta wuce taga. Ta tsaya da wata ƙara a jikin bango, kwanuka suka yi ta kaɗawa kamar za su yi magana, sannan suka yi shiru.

Hajiya ta buɗe, ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ko kofi bai tsage ba. Ni ban ga wannan da idona ba, labari aka ba ni, domin bayana ya riƙe, ina duƙe ina kallon kafet. Mahauci yana ta cewa, "Alhaji, tashi, mun ci." Na ce masa ina sane, hutawa nake.

Surukina ne ya leƙa tsakanin kwaba da bango. Ya zura hannu. Sannan ya zaro abin da ya rage na na'urar bidiyona, wadda na ajiye a ƙasa a wannan lungu da safe don kada a taka ta. Ta koma kamar faranti.

Hajiya ta yi dariya har ta zauna a hannun kujera tana share hawaye da gefen mayafi. Da ta nutsu ta yanke hukunci, kuma na yarda adalci ne. Ta cika alkawari, katan sun wuce Asabar. Amma kaset ba na'ura tarkace ne, ita kuwa ba ta renon jika a cikin tarkace. Ta ba ni zuwa ranar suna.

Na zaga shagunan kayan gwanjo na Catford da Woolwich. Yaran da ke ciki ba su ma san abin da nake nufi ba, ɗaya ya kawo mini abin gasa burodi. 'Yarmu ta haihu shekaranjiya, namiji, ƙato, kafaɗunsa sun yi mini daidai.

Saboda haka, mai karatu, ka duba ƙarƙashin gadonka da saman kwabar matarka. In akwai tsohuwar na'urar bidiyo mai aiki, kada ka kai ta bola. Ka kawo ta Catford ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka nemi dattijon da ke tafiya a karkace. Ka haɗo da wayarta ta wuta.