Tafiyarmu Suleja da Wayar Baba

Ana idar da sallar asuba muka bar Minna, ni da yayana da mahaifinmu, gari bai gama wayewa ba. Da farko ba da Baba aka shirya tafiyar ba, wayarsa kawai za mu kai Suleja mu dawo. Amma da na miƙa hannu zan karɓa, sai ya tura ta aljihun gaba ya ce, “Inda za ta, nan za ni.” Ashe har ya sa hula ya fesa turare.

Bari in gaya muku dalilin tafiyar. Baba tsohon direban tanka ne, kuma a ’yan shekarun nan ciwon karkarwar hannu ya kama shi. Yana amsa kira, yana sauraron wa’azi da labarai, amma soka kan caja a ɗan ramin nan na ƙasan waya ya gagare shi. Zai yi ta caka yana kuskurewa har ramin ya lalace, an sha gyarawa. Daga baya ya koma sai ya kira wani ya sa masa, kuma abin yana masa ciwo ƙwarai. Wani lokaci ya gwammace wayar ta mutu ta kwana a haka da ya roƙi kowa. Mun so mu saya masa sabuwa, irin wadda ake ɗorawa a kan faranti ta yi caji ba tare da an soka komai ba, ya ƙi, wai yatsansa ya san hanya a wannan, ba zai koma aji ɗaya da furfura ba. Ana haka wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wata mata a Suleja da ke buɗe tsohuwar waya ta mayar da ita mai cajin faranti.

Tun da ciwon ya same shi Baba bai fita daga Minna ba, don haka ni dai a tsorace nake. Shi kuwa ya kame a kujerar gaba, bai bar yayana ya yi tuƙi cikin kwanciyar hankali ba. “Kai, haka ake shiga rami? Sassauta. Bar wa mai tirela hanya, ba ya ganinka.” Yayana da ya shekara da shekaru yana tuƙi sai “To, Baba” kawai yake.

A Paiko doya ce jibge a bakin titi tsibi-tsibi, matan Gwari suna ta isowa da kaya a kafaɗa. Na tambayi farashi, na tarar ta fi ta Minna sauƙi, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. A Lambata muka tsaya muka sha koko da ƙosai mai zafi. Na so in riƙe wa Baba kofin, ya harare ni, ya kama shi da hannu biyu, ya shanye tas, ɗan abin da ya zuba a riga bai ko kalla ba. Da muka hau gadar Izom, ruwan kogin Gurara ya cika ya yi ja saboda damina. Baba ya sa aka rage gudu, ya ce a nan shi da sauran direbobi suke tsayawa da can su wanke fuska su sayi kifi. Daga Dikko kuwa tankoki ne jere a gefen hanya, yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana gaya mana wadda tayarta ta kusa gamawa.

Mun shiga Suleja da hantsi. Garin kamar kowa sauri yake, motocin haya cike da ma’aikata masu nufar Abuja, ’yan acaɓa da masu keke mai ƙafa uku suna kutsawa ta ko’ina. In ka tambayi hanya, za a fara maka da Hausa, a tsakiya a juye Turanci, a ƙarasa da hannu. Da haka dai muka lalubo shagon a wajen unguwar Bagama, ɗan ƙarami, tsakanin mai sayar da katifa da wani kafinta.

Matar ’yar Filato ce, mai fara’a, Hausarta da ɗan karin harshen can. Ta ba Baba kujerarta, ta juya wayar a hannu ta ƙwanƙwasa bayanta da farce. Ta ce mun yi sa’a bayan roba ne, da ƙarfe ne aikin ba zai yiwu ba. Sannan ta dubi Baba ta ce, “Baba, zan gaya maka gaskiya. Wayar ta tsufa. In na buɗe, murfin zai iya fashewa, kuma aikin kusa da batir ne. Zan yi a hankali, amma ban ce ba haɗari ba.”

Ni dai na san in wayar nan ta mutu, da wuya ya yarda ya koyi wata. Shi kuwa ya ce, “Buɗe, ’yata. Ni ma an taɓa buɗe ni a asibiti, ga ni nan.”

Ta hura wa bayan wayar iska mai zafi har gam ɗin ya saki, ta zura wani siririn abu ta bi gefe-gefe, murfin ya ɗago lafiya. Sai ta ɗauko wani baƙin faifai, siriri kamar takarda, da zaren tagulla a naɗe a tsakiyarsa. Shi ne zai riƙa karɓar wuta daga faranti. Ta shimfiɗa shi a kan batir, ta ja wayoyinsa guda biyu, sirara kamar gashi, ta liƙa su da dalma a inda wutar caja ke shiga. Lokacin da take wannan, har yayana ya daina danna wayarsa ya zuba mata ido. Ta rufe wurin da salatif, ta mayar da murfi, ta ɗora wayar a kan faranti. Ƙilin! Alamar caji ta fito. Na yi tafi kamar yarinya.

Murnar ba ta daɗe ba. Ta miƙa wa Baba ta ce ya gwada da kansa. Ya ɗora, hannun ya karkace, wayar ta zauna a gefe, shiru. Ya sake, ta zame. Ashe sai tsakiyar wayar ta hau tsakiyar farantin daidai kafin ta kama. Na ga fuskarsa ta canza, ya janye hannunsa ya sa a ƙarƙashin riga. A hankali ya ce, “To, an gode. Mu tafi.”

Matar ta ce, “Baba, ba mu gama ba.” Ta leƙa waje ta kira kafintan da ke maƙwabtaka da ita, ta nuna masa farantin da wayar, suka yi ’yan gwaje-gwaje da tef ɗin awo, ya tafi da su. Ta ce mu je mu ci abinci.

Muka gangara wajen unguwar Magajiya, muka samu masa da miyar taushe a wani gida da ake layi. Masar ta yi laushi, ga man shanu, amma Baba kaɗan ya taɓa, ni ma ban ji daɗinta yadda ya kamata ba. Muka yi azahar muka koma.

Mun tarar kafintan ya ƙera ɗan akwatin katako, farantin a binne a ƙasansa, gefunan a gangare kamar bakin kwano, ta yadda duk inda wayar ta faɗa za ta zame ta zauna a tsakiya. Baba ya ɗauki wayar, hannu na rawa, ya sake ta a ciki. Ƙilin! Ya ɗauke, ya sake jefawa a karkace da gangan. Ƙilin! Ya kwashe da dariya irin wadda na manta yana da ita, ya yi ta ɗauka yana saki, har mai katifa ya leƙo ya ga abin da ake yi. Matar ta ja masa kunne cewa cajin zai fi na da jinkiri, kuma in ya ji wayar ta yi zafi sosai ya ɗauke ta. Ya ce, “Ni da ba inda za ni, me zan yi da sauri?” Ya sa mata albarka, ita da kafintan, har ta sunkuyar da kai tana “Amin, Baba.”

A hanyar dawowa akwatin yana kan cinyarsa. Yunwar da ya ƙi ji a Magajiya ta taso masa a Izom, ya sa aka saya masa gasasshen kifi, ya cinye shi kaf. Muka ɗauki doya a Paiko, muka shiga Minna ana kiran magariba. Ya sa aka jona masa farantin a gefen gadonsa, ya kori kowa daga ɗakin.

Na tafi Suleja ina ganin waya za a gyara. Amma hirar da Baba ya yi a wannan yini ta fi wadda ya yi a watanni, kuma na gane cewa killace shi da muke yi a gida da sunan tausayi ya fi karkarwar gajiyar da shi. Washegari da safe ya kira yayana a waya, ya ce a duba man mota, yana da ƙanwa a Bida da ya daɗe bai gani ba.